Allura Shaida Ce

Daga Dadin Kowa na taso da asuba,
kwando ashirin na tumatir a baya.
A-kori-kurar Baffa, wadda ta girme ni da shekara biyu,
tana tari, tana tafiya.

Ban kai Kwadon ba allura ta zabura,
ta haye ja kamar ta taka ƙaya.
Na ci burki, na gangara gefen kwalta,
na ɗaga bonet, bakina cike da addu'a.
Ba tururi, ba ƙauri.
Lagireto cike da ruwa, fambel a ɗaure tamau.
Na ɗora bayan hannu a kan tiyo:
ɗumi ne kawai, irin na shayin da aka manta.

Duk da haka na jira.
Wa zai yi musu da ja?
Rana ta hau, tumatir ya fara hawaye ta gindin kwando,
kafin in shiga Gombe
dillali ya yanke mini kuɗi kamar yana yanka kabewa.

Usta Gidado na Tashar Dukku
bai ko tashi daga kan tsohuwar taya ba.
Ya ce sansa ce. Muka sayo sansa.
Kwana biyu allura ta yi ladabi,
ran na uku, a gargadar Liji, ta koma gidan jiya.
Ya ce to famfon ruwa ne. Muka sauya.
Ya ce watakila gasket,
na ce watakila aljihuna ne za a sauke, ba inji ba.

Wani yaronsa, Ilu, da baƙin mai har gwiwar hannu,
ya bi ni bakin titi ya yi ƙasa da murya:
je ka wurin Bappayo rewaya,
bayan masu walda, ƙarƙashin dalbejiya.

Tsoho ne, gilashinsa ɗaure da zare.
Bai tambayi abin da aka ce ba.
Ya sa hannu ya zare wayar daga kan sansa,
ya ce murza makulli, kada ka tayar.
Na murza.
Inji sanyi ƙalau, waya a sake tana lilo,
allura kuwa tana can kan ja, ta kafe.
Ya yi dariya da haƙora huɗu:
wanda bai ji saƙo ba yana ba da labari,
ai ka san daga wani wuri yake jiyowa.

Ya bi wayar da yatsa, taƙi bayan taƙi,
ta bayan batir, ta ƙarƙashin sitiyari,
har inda ta ratsa ƙarfe ta shiga ciki.
Nan ya tsaya.
Ɓawon gyaɗa, kashin ɓera,
da jan ƙarfe tsirara yana sumbatar jikin mota
duk lokacin da taya ta faɗa rami.
Gyaɗar da nake ɓarewa a kan hanyar Bajoga
ita ta gayyato baƙon da ya ci rigar waya.

Ɗan salatif, tsawon ɗan yatsa.
Ya naɗe, ya ɗaure ta nesa da ƙarfe.
Na ce nawa? Ya ce sayo mini goro,
ka kuma share motarka.

Da na tayar, allura ta tashi a hankali,
ta tsaya tsakiya kamar mai jin kunya.

A hanyar gida na tuna Baffa,
ranar da nake rawar ɗari ina ɗan shekara bakwai.
Malamin asibiti ya duba ɗan gilashinsa ya ce babu komai,
Baffa ya ɗora bayan hannu a goshina
ya ce a sake dubawa.
Shi ne yake cewa allura shaida ce, ba alƙali ba.

Yau wata huɗu ba ta yi mini ƙarya ba.
Amma kullum in na kai Kwadon
sai na tsaya,
in sauka,
in taɓa.